Motar da ta yi alƙawarin dawowa ƙarfe shida

Da ƙarfe takwas saura kwata na safe motar ta tsaya a ƙofar masaukinmu a birnin Kef Tawun. Farar bas ce mai cin mutum ashirin da 'yan kai. Kafin kowa ya gyara zama, jagorar tafiyar, wata mata mai kimanin shekara hamsin da bajon rajistarta maƙale a ƙirji, ta miƙa wa kowannenmu takarda guda. An jera wuraren da za mu tsaya, kowane da lokacinsa a gefe: minti ashirin a nan, awa ɗaya a can, abincin rana ƙarfe kaza. Layin ƙarshe ya ce za a sauke kowa a ƙofar masaukinsa da ƙarfe shida na yamma. Na ninke ta na sa aljihu ina ɗan murmushi, irin murmushin wanda ya san hanya ba a yi mata alƙawari. A ranar na ga teku yana dukan duwatsu kamar zai kayar da su, na ga tsaunin da hazo ya naɗe wa rawani, amma takardar nan ce ta biyo ni har gida, kuma a kanta nake son mu tattauna.

Zinare ne ya kai ni Afirka ta Kudu, ba yawo ba. A kowane watan Fabrairu ana yin babban taron harkar ma'adinai na nahiyar Afirka a Kef Tawun, wanda ake kira Mining Indaba, inda ministoci da kamfanoni da masu zuba jari ke haɗuwa. Na je na 2025 a matsayin ɗan jarida, 'yan makonni bayan gwamnatin tarayya ta sanar, a Disamban 2024, cewa ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta ƙaƙaba wa Zamfara tun Afrilun 2019. Ga wanda aka haifa a Anka, wanda ya san Bagega da Dareta da Abare tun kafin duniya ta ji sunayensu, wannan taro ba na kallo ba ne. Da aka tashi sai kwana ɗaya ya rage kafin jirgina, abokan aiki suka ce mu shiga motar zagayen gaɓar teku. Na yi jinkiri saboda kuɗin, domin da na juya shi zuwa naira sai da na haɗiye yawu, daga baya na biya.

Birnin yana zaune ne a wuyan wani dogon zirin ƙasa da ya kutsa cikin Tekun Atlantika, kuma zagayen shi ne a bi gefen yamma har tsinin ƙarshe, tafiyar kusan kilomita 70, a dawo ta gefen gabas. Abin da ya fi shahara a hanyar shi ne wani yanki mai suna Chapman's Peak, tsakanin garuruwan Hout Bay da Noordhoek. Kilomita 9 ne kacal, amma da kwana 114, kuma an sassaƙe titin ne a jikin tsauni, dutse a miƙe a hagunka, teku a ƙasa can nesa a damarka. Wata 'yar Jamus da ke gabana ta rufe ido a wasu kwanonin. Ni kuwa na manne da gilashi kamar yaro.

Jagorar ba ta bar mu da kallo kawai ba. Ta gaya mana cewa an fara aikin titin a 1915 aka buɗe shi a 1922, kuma fursunoni ne suka fasa dutsen. Ta nuna mana inda launin tsaunin ya rabu biyu, dutse mai tauri a ƙasa, mai laushi a sama, ta ce a kan wannan mahaɗar injiniyoyi suka ɗora titin domin na sama ya fi sauƙin sara. Ta ce a Janairun 2000 dutse ya gangaro ya kashe wani matafiyi, aka rufe hanyar kusan shekara huɗu, aka kafa ragar ƙarfe mai tare duwatsu, aka yi wa wasu wurare rumfar kankare, sannan aka sake buɗe ta a Disamban 2003 da shingen karɓar kuɗi. Har yanzu idan iska ko ruwa ya yi yawa rufewa ake yi, a sanar, motoci su bi ta wata hanya. Mutum ɗaya ya mutu, aka tsayar da hanya shekara huɗu. Na maimaita wannan lissafi a raina, ban ce wa kowa komai ba.

A tsinin ƙarshe akwai wani allon katako da aka rubuta Cape of Good Hope, wato Tsinin Kyakkyawan Fata, kuma layi ake bi kafin a ɗauki hoto a bayansa. Mutane da yawa suna zaton nan ne ƙarshen Afirka ta kudu, inda Atlantika ke haɗuwa da Tekun Indiya. Ba haka ba ne, wannan matsayi na Cape Agulhas ne, kimanin kilomita 150 gabas da nan, kuma allon kansa bai yi ƙarya ba, cewa ya yi nan ne kudu maso yammacin nahiyar. Sai dai Agulhas shimfiɗaɗɗen wuri ne marar ban tsoro, kuma ba shi da labarin Bartolomeu Dias, baturen Fotugal da ya zagaya wannan tsini a 1488, ko labarin cewa da farko Tsinin Guguwa aka kira shi kafin sarkin Fotugal ya sauya masa suna. Ba shi da labarin tsohuwar hasumiyar fitila da aka gina a can ƙololuwa, hazo ya riƙa rufe ta, har wani jirgin ruwan Fotugal ya tarwatse a 1911 kafin a gina sabuwa a ƙasa. Dutse da ruwa suna ko'ina. A nan an samu wanda ya tattara labarinsu, ya tsara shi, ya horar da mai faɗinsa, ya ba shi bajo.

A wurin cin abincin rana wata dattijuwa 'yar Kenya, malamar asibiti da ta yi ritaya, ta tambaye ni daga ina nake. Na ce Zamfara, a arewa maso yammacin Nijeriya. Ta ce me ake zuwa gani a wurinku? Na gyara zama na fara lissafi, kuma na ji daɗin lissafin. Na ce akwai dutsen Kwatarkwashi, wanda yake tsaye a kan gari kamar giwa ta durƙusa, inda a da samari ke hawa kamun maiki a lokacin biki. Akwai tsaunukan Kanoma, akwai dajin Kuyambana da ake dangantawa da sarauniya 'Yargoje. Akwai madatsar ruwa ta Bakolori. Akwai Gulbin Zamfara da ya ratsa ƙasarmu ya nufi Gummi, da fadamunsa da suke kore shar lokacin da ko'ina ya bushe. Akwai garinmu Anka, mazaunin sarakunan Zamfara. Ta saurara da kyau, sannan ta yi tambayar da duk mai shirin tafiya zai yi: daga babban birnin jiharku, awa nawa ne zuwa garinku?

Na buɗe baki na rufe. Amsar gaskiya ita ce ya danganta. A zamanin lafiya, daga Gusau a bi titin Sakkwato a karya a Mayanchi a shiga Anka bai kai awa biyu ba. Yau kuwa ya danganta da abin da direban da ya riga ka wucewa ya faɗa a waya, da ko an ga babura da safe, da ko jami'an tsaro suna kan hanya, da ko la'asar ta yi. Daga Anka zuwa Gummi ta Daki Takwas, ko a ratse zuwa Bukkuyum, lissafin ya fi haka tsawo. Mutanenmu sun daina tambayar nisa, cewa ake yi, yau hanya ta yi kyau? Kuma ba ramuka ake nufi ba.

Wani zai ce, to me ya haɗa mu da wannan? Yawon kallon dutse da ruwa al'adar masu ƙoshi ce, Bahaushe fatauci yake fita ko neman ilimi ko sada zumunci. Ban yarda ba, kuma hujjata tana cikin kowane gida a Anka da aka taɓa sauke farali. Duk alhajin da ya je Madina ya shiga motar ziyara: a tashi da safe, a tsaya a masallacin Kuba, a wuce Uhudu, a biya ta masallacin Ƙiblataini, a sauka a kasuwar dabino, a dawo kafin azahar, da malami a gaban mota yana bayani da Hausa. Wasu kafin jirginsu ya tashi suna roƙon a kai su bakin teku a Jidda su ga Bahar Maliya da idonsu. Hajiyar da ta haife ni ta yi shekaru tana ba mu labarin Uhudu, inda maharba suka tsaya da inda aka zagayo, kamar a gabanta aka yi. Niyyar ziyara dabam ce, wannan ba a musu. Amma tsarin ɗaya ne: mota, jagora, labari, da tabbacin za a dawo a kan lokaci. Mun san wannan tafiya sarai, kuma muna biyan kuɗinta da farin ciki. A ƙasar wasu kawai muke yin ta.

Ga abin da na fahimta a cikin motar nan. Kamfanin da ya ɗauke mu bai mallaki teku ba, bai mallaki tsauni ba. Hajarsa ɗaya ce, ikon rubuta ƙarfe shida a takarda ya kuma cika. Kafin a iya rubuta wannan layi sai abubuwa da yawa sun tsaya da ƙafarsu: titin da ake gyarawa, hukumar da ke rufe shi idan akwai haɗari ta kuma faɗi gaskiya, kamfanin inshorar da ya yarda ya ɗauki nauyin fasinja, jagorar da doka ta tilasta mata rajista, motar asibitin da za ta zo idan an kira. Kyan wuri shi ne na ƙarshe a jerin, domin shi kaɗai ne ba a sha wahalar samarwa ba. Mu kuma idan muka tashi maganar yawon buɗe ido daga kyan wuri muke farawa, a nan kuma muke tsayawa. A buga kalanda da hoton Kwatarkwashi, a yi jawabi a ce Allah ya albarkace mu da wuraren tarihi, a ware wani abu a kasafin kuɗi, shekara ta zagayo a sake.

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga yadda wannan haja take da saurin fashewa. A Jamhuriyar Nijar, kimanin kilomita 60 daga Yamai, akwai yankin Kure, mazaunin raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma. A tsakiyar shekarun 1990 ba su kai 50 ba, aka kula da su har suka haura 600. Zuwa Kure shi ne yawon yini ɗaya na mazauna Yamai da baƙinsu, kuma 'yan ƙauyukan yankin sun kafa ƙungiyar jagorori suna ci daga ciki. Ranar Lahadi 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga a kan babura suka tare wata mota suka kashe mutum takwas: Faransawa shida ma'aikatan agaji, da direbansu, da jagoransu, dukansu biyu 'yan Nijar. Raƙuman dawa ba su je ko'ina ba, suna nan suna cin ganyen gawo. Safiya ɗaya ce ta kashe sana'ar. Haka Agadas, wadda jiragen Turai ke saukewa masu zuwa kallon duwatsun Azbin da rairayin Tenere, ta rasa baƙinta bayan tawayen 2007 da sace-sacen Turawa da suka biyo baya. UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, lokacin da masu zuwa ganinsa suka riga suka ƙaurace, kuma da yawa daga direbobin da suka san hamada suka koma jigilar bakin haure zuwa Libiya. Ko maƙwabciyarmu Argungu, da bikin kamun kifinta da ya samo asali tun 1934, sai da ta yi kusan shekara goma ba ta yi shi ba kafin a dawo da shi a 2020.

Mu namu ya wuce maganar baƙi. Gwamnatocin Birtaniya da Amurka sun daɗe da gargaɗin 'yan ƙasarsu kada su taka Zamfara, kuma wannan shi ne mafi ƙanƙantar damuwarmu. A farkon Janairun 2022 an kai hari ƙauyukan Anka da Bukkuyum kwanaki a jere, mazauna suka ce an kashe kusan mutum 200, gwamnatin jiha ta ce 58. Ginin sabuwar fadar Sarkin Zamfara a Anka, wanda da an kammala shi cikin lafiya da shi ne wurin da za a fara kai baƙo, ya zama sansanin 'yan gudun hijira. Manomi yana biyan haraji ga ɓarayin daji kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe. A irin wannan hali, duk jami'in da ya hau mumbari ya yi maganar jawo masu yawon buɗe ido daga ƙasashen waje, ko dai bai san inda yake ba, ko yana ganin mu ba mu sani ba.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka na dawo ne ina yabon Kef Tawun ba sharaɗi, domin rabin darasin yana cikin abin da motar ta wuce ba ta tsaya ba. Kef Tawun ba birnin aminci ba ne. Unguwannin da ke bayan filin jirgin sama, irin su Nyanga, sun daɗe a sahun gaba a ƙididdigar kisan kai ta 'yan sandan ƙasar. A Hout Bay, daf da inda muka sauka ɗaukar hoton jiragen kamun kifi, akwai unguwar Imizamo Yethu, ɗakunan kwano da katako sun hau gefen tsauni a cunkushe suna kallon gidajen alfarma. Jagorarmu ta nuna ta da hannu, ta yi jimla biyu, direba bai rage gudu ba. A hanyar dawowa, bayan mun kalli tsuntsayen fengwin masu tafiya kamar dattawa sanye da kwat a gaɓar Boulders, na nemi izini na shiga garin Simon's Town na yi salla. Akwai tsohon masallaci a wata 'yar gangara. Wani dattijo da na tarar a ciki ya gaya mini abin da ba ya cikin takardarmu: a 1967 gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana garin na farar fata zalla, aka kwashe iyalansu aka kai wata unguwa mai suna Ocean View, can bayan tsauni. Masallacin ya zauna, masu shi suka koma baƙi a cikinsa.

Ashe ana iya tsare titi guda saboda baƙo a bar mai gida cikin tsoro. Ana iya shata wani siririn zirin aminci daga otel zuwa gaɓar teku, a zuba masa 'yan sanda da kyamarori, a bar sauran birnin da abin da ya dame shi. Wannan ne ya tayar mini da hankali, domin a zauren taron ma'adinan da na baro kwana ɗaya kafin nan, irin wannan ziri ake ta magana a kai, ko da yake da wasu kalmomi. Mai zuba jari ba ya tambayar ko matar Bagega za ta iya zuwa kasuwar Anka ta dawo. Tambayarsa ita ce ko za a tsare masa ramin haƙa da titin da motarsa za ta bi zuwa filin jirgi. Kuma mun riga mun saba da samfurin wannan a gida: babban mutum ya zo ta'aziyya ko buɗe aiki da ayarin motoci da sojoji gaba da baya, hanya ta yi kyau na awa uku, ƙurarsu ta lafa, komai ya koma yadda yake. Idan aka ce za a farfaɗo da yawon buɗe ido a Zamfara ta wannan salo, a kawo jakadu da 'yan fim cikin rakiya su ɗauki hoto a gindin Kwatarkwashi, to an ƙara mana wani ayarin ne kawai.

Saboda haka ma'aunin da nake ba da shawara ba yawan baƙi ba ne. Ina aji shida na firamare, a farkon shekarun 2000, malamanmu suka tara kuɗi kaɗan-kaɗan daga iyaye, suka ɗauki hayar wata tsohuwar bas suka kai mu Bakolori. Ba ɗan sanda, ba soja, malami biyu ne da kwandon burodi da jarkar ruwa. Yawancinmu ba mu taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa ba. Wani yaro ya tambaya ko wannan ne teku, malam ya yi dariya har da riƙe ciki. Mun dawo kafin magariba, iyayenmu ko tashi tsaye ba su yi ba. Yau wane shugaban makaranta ne zai sa hannu a kan irin wannan tafiya, bayan an kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Fabrairun 2021 suna cikin ɗakin kwanansu? Wane uba ne zai yarda? Ranar da malamin firamare a Gummi ko Nasarawar Burkullu zai iya cika bas da yara, ya rubuta wa iyaye cewa za a dawo ƙarfe biyar, iyayen su karanta su yarda, ranar ce za a iya cewa hanya ta samu. Amincin da ya ishi motar 'yan makaranta ba a iya shata shi a siririn ziri, dole ya game ƙauyen da yaran suka fito da dajin da za su ratsa. Baƙo kuwa, idan ya ga yaran gari suna zuwa, ba sai an roƙe shi ba.

Na san wannan rana ba a hannun marubuci take ba, ba kuma a hannun ma'aikatar al'adu ba. Amma akwai rabin aikin da ba ya jiran tsaro, kuma shi ne muka fi sakaci da shi, wato labarin. A tafiyarmu ta Bakolori mun ga ruwa, mun ga ƙofofin ƙarfe, an gaya mana an kammala madatsar a 1978. Ba wanda ya gaya mana cewa a Afrilun 1980 'yan sanda sun buɗe wuta a kan manoman da suka tare hanya suna neman diyyar gonakinsu, aka kashe da dama. Sai da na shiga jami'a na karanta. Tarihin garinmu ma haka. Yaro nawa ne a Anka zai iya faɗin yadda sarautar Zamfara ta faro daga Dutsi, yadda Gobirawa a zamanin Sarki Babari suka ci Birnin Zamfara a shekarun 1760 suka kafa Alkalawa, yadda gidan sarautar ya yi ta ƙaura, ta Kiyawa da wasu garuruwa, kafin ya tabbata a Anka a farkon ƙarni na 19? Nawa ne suka san Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara tun kafin jihadi? Manyan rubuce-rubuce biyu da masana ke komawa gare su kan wannan tarihi, ɗaya wani Bajamushe ne, Kurt Krieger, ya wallafa da Jamusanci a 1959, ɗayan kuma kundin digiri na uku ne da marigayi Dakta Garba Nadama ya rubuta da Turanci a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977. Dattawan da suka riƙe sauran a ka, da makaɗan fada, da tsofaffin ƙauyukan da aka tarwatsa, wasu suna sansanin gudun hijira, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Idan ƙauye ya watse, sunayen rijiyoyinsa da kukokinsa da maƙabartarsa suna watsewa tare da shi.

A nan ne nake ganin laifinmu, mu da muka yi boko muke zaune a Gusau da Abuja da Kaduna. Muna da kuɗin tikitin Dubai da Kef Tawun, muna da wayoyin da ke ɗaukar murya da hoto fiye da kayan aikin gidan rediyo na shekara ashirin da suka wuce. 'Ya'yanmu sun san sunan dogon benen Dubai, ba su san ƙofofin garin kakanninsu ba. Kuɗin da na biya na yini ɗaya a motar nan zai ishi ɗalibin tarihi ya zauna da dattawa goma ya naɗi muryarsu ya rubuta. Ƙungiyoyin ci-gaban garuruwanmu, da suke tara kuɗi don liyafar taya murnar naɗin muƙami, za su iya ɗaukar nauyin fassara waɗancan littattafai zuwa Hausa, da yardar masu haƙƙinsu, a raba wa makarantu. Wannan ba ya bukatar rakiyar soja.

Kuma idan za a rubuta, a rubuta duka. A Kef Tawun akwai gidan tarihi na District Six, unguwar da aka rushe aka kori mutum fiye da 60,000 daga cikinta, kuma waɗanda aka kora ɗin ne suke zagayawa da baƙi suna nuna inda gidajensu suke a taswira. Abin da ya fi ƙona musu rai shi suka mayar abin koyarwa. Mu ma muna da namu. A 2010 aka gano gubar dalma tana kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, ƙurar tana sauka a ƙasan da jarirai ke rarrafe. Kimanin yara 400 suka mutu, dubbai suka sha magani a hannun likitocin MSF, kuma Bagega sai a 2013 aka kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa bayan dogon jiran kuɗi daga Abuja. Yaran da suka tsira yanzu samari ne da 'yan mata. Ga shi an sake buɗe ƙofar haƙa. Idan wata rana motar 'yan makaranta ta tashi daga Anka, ina so Bagega ta kasance cikin takardar, da lokacinta a gefe, kuma mai bayanin ya zama ɗaya daga cikin waɗannan yara.

Ƙarfe shida saura minti goma motar ta sauke ni a ƙofar masauki. Jagorar ta ba da haƙuri cewa mun ɗan yi sauri saboda ba a samu cunkoso ba. Na hau ɗaki na kira ƙanena, wanda na san ya tashi daga Gusau tun bayan azahar da maganin Hajiya. A gida lokacin biyar saura. Na ce ka isa? Ya ce, “Yaya, ai ba mu samu wucewa ba. An ce hanya ba kyau, duk motoci sun tsaya. Nan Mayanchi za mu kwana, in Allah ya kai mu gobe mu gani.”